Ciwon Baki a Wajen Yara Masu Karɓar Maganin Kansa

A yau zai yi wuya a sami zangon da ba a taɓa jin labarin wani yaro da aka kai asibitin Korle Bu a Ankara, ko Komfo Anokye a Kumasi, saboda ciwon daji ba, wato kansa. Yawancin iyaye sukan je da shirin ganin zubewar gashi da amai, domin kowa ya ji labarinsu. Abin da yakan zo musu ba zato shi ne baki. Bayan mako guda da fara magani, sai a ga yaron da yake cin tuwonsa ya kau da kai daga koko, yawu na dalala, leɓe ya tsattsage, in an buɗe bakin a tarar da gyambo a harshe da kumatu. Nan ne hankalin gida yakan tashi, wani ya ce ciwon ne ya ci gaba, wani ya ce maganin bature bai karɓe shi ba, wata ta ce a ɗauko shi a dawo gida a yi na gargajiya.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce dalilin rubutunmu na wannan wata. Ciwon bakin nan likitoci sun san shi tun kafin ya zo, yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya, kuma zafinsa yana da magani. Yaron da aka raba da asibiti saboda shi, an raba shi da damar warkewa daga babban ciwon.

Abin da ke kan mizani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yara da matasa 400,000 ne suke kamuwa da kansa a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai 30 cikin 100 ba. Daga cikin manyan dalilan wannan rata akwai zuwa asibiti a makare, da kuma yanke magani a tsakiya. Saboda haka ne a 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai yawan masu warkewa zuwa 60 cikin 100 kafin 2030, kuma Gana na cikin ƙasashen farko da aka fara wannan aiki da su.

Ɗaya daga cikin ire-iren kansar da suka fi kama yaranmu ita ce ta Burkitt, wadda ta samo sunanta daga Denis Burkitt, likitan da ya yi bayaninta a Yuganda a 1958. Takan fito da kumburin muƙamuƙi ko na ciki, har a ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, kuma ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana girma da saurin gaske, domin ƙwayoyinta kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma kuma tana jin magani ƙwarai, har akan ga kumburi ya saɓe cikin 'yan kwanaki. A nan ne wasu iyaye sukan ruɗu: kumburi ya tafi, baki ya lalace, sai su ga babu dalilin komawa. Alhali saiwar ciwon tana nan, kuma idan ta sake tohowa ta fi wuyar kashewa.

Tun 2022 aka shigar da kansar yara iri huɗu cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa: ta Burkitt, da wani nau'in kansar jini da ya fi kama yara, da ta ido, da ta ƙoda. Wannan bai ɗauke kuɗin mota da na abinci ba, amma ya rage nauyi. Don haka a tabbata katin inshorar yaro bai mutu ba.

Me ke kawo gyambon?

Magungunan da ake kira kemo, aikinsu shi ne farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, domin haka ƙwayoyin kansa suke. To amma a jikin ɗan Adam akwai wasu sassa masu lafiya da su ma haka suke sabuntawa da sauri: tushen gashi, da ɓargo inda ake yin jini, da kuma lallausar fatar da ta shimfiɗu daga leɓe zuwa maƙogwaro har hanji. Fatar cikin baki takan sake kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan magani ya tsayar da wannan sabuntawa, tsohuwar fata ta saɓule babu sabuwar da za ta maye gurbinta, sai wurin ya zama ɗanye. Likitoci suna kiran wannan mukosaitis.

Ba kowane magani ke kawo shi daidai ba. Wanda ya fi suna a kansa shi ne metotireksat, musamman idan an ba da shi da yawa, kuma shi ne ake amfani da shi wajen kansar Burkitt da ta jini. Haka nan doksorubisin, wani jan ruwa da ake sa wa ta jijiya, da kuma gashin da ake yi da na'ura idan a kai ko wuya ne. Yaron da ya zo da rama ko ruɓaɓɓen haƙori ya fi shan wuya.

Yawanci yakan fara ne tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan an ba da magani. Da farko baki ya yi ja yana raɗaɗi, sannan gyambo ya fito. Yakan yi tsanani a mako na biyu, daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke tsare jiki, suka yi ƙasa. Da zarar jini ya fara farfaɗowa, shi ma baki sai ya kama warkewa, galibi cikin mako biyu zuwa uku. Yana iya dawowa a zagayen magani na gaba, yana iya ƙin dawowa. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, don haka babu dalilin ƙyamar yaro ko hana 'yan uwansa zama kusa da shi.

Ma'aikatan asibiti suna auna shi hawa huɗu, kuma yana da kyau uwa ta san su domin ta iya ba da bayani ko ta waya. Hawa na 1, baki ya yi ja yana zafi. Na 2, akwai gyambo amma yaro yana iya cin abinci mai tauri. Na 3, ba ya iya cin komai sai mai ruwa-ruwa. Na 4, ko ruwa ba ya wucewa. Na ɗaya da na biyu ana iya jinyarsu a gida bisa umarnin likita. Daga na uku kuwa, a nemi asibiti a ranar.

Tsabtar baki ita ce farkon magani

Riga-kafi ya fi magani, in ji Hausawa. Kafin a fara kemo, idan hali ya yi, likitan haƙori ya duba bakin yaro, a gyara abin da ke buƙatar gyara. Daga ranar da aka fara magani, a riƙa goge masa baki aƙalla sau biyu a yini da ƙaramin buroshi mai taushi sosai. A tsoma buroshin a ruwan ɗumi ya ƙara laushi, a sa man goge baki ɗan kaɗan, wanda ba shi da yaji. Bayan an gama a wanke shi, a bar shi ya bushe a sarari, kuma kada wani ya yi tarayya da shi. Asuwaki da gawayi a ajiye su tukuna, domin suna kankare dasashi. Idan dasashi na jini ko zafi ya hana buroshi shiga, uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta naɗa tsabtataccen bandeji a yatsa, ta jiƙa shi ta share bakin a hankali.

Sai kurkura. Mafi sauƙi kuma mafi aminci shi ne ruwan gishiri. Ledar ruwan shan da muke saye rabin lita ce, to a juye guda a kofi mai murfi, a zuba rabin cokalin shayi na gishiri. In an samu, a ƙara rabin cokalin shayi na sodar da ake sa wa a fulawa, domin tana tsinka yawu mai kauri. Ruwan famfo ko na rijiya sai an tafasa shi ya huce. Yaro ya kurkure ya tofar bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, kamar sau huɗu zuwa shida ke nan a yini, kuma a haɗa sabo kullum. Wanda bai kai iya tofarwa ba, a share masa da bandeji. Muna jan kunne a nan: kanwa daban, sodar fulawa daban. Kanwa tana ƙona ɗanyen gyambo.

Ruwan kurkure baki na kanti, yawancinsa akwai sinadarin barasa a ciki, mai busar da baki da ƙara raɗaɗi. Kada a saya sai wanda likita ya rubuta. Leɓe kuma a riƙa shafa masa tsabtataccen man kaɗe ko basilin don kada ya tsage.

Akwai wata ƙwaya ko allura da ake ba yaro bayan an yi masa metotireksat mai yawa, ana kiranta folinik asid. Ita ce ke ceto ƙwayoyin jiki masu lafiya daga maganin, kuma lokacinta a ƙayyade yake, awa da awa. Idan an sallame ku da ita, kada a tsallake ko sau ɗaya, kuma yaro ya sha ruwa sosai don maganin ya fita ta fitsari. Ba ita ce folik asid ɗin da ake ba masu ciki ba, ko da yake sunan ya yi kama. Kada a ba yaro folik asid ko maganin ƙarin jini na kemis ba tare da sanin likitansa ba.

Abinci da abin sha

Abincinmu na zango akwai yaji, kuma a wannan lokaci yaji abokin gaba ne. Kokon da ake sayarwa a bakin titi yana da citta da barkono da kanumfari, ga shi da tsami. A dama wa yaro nasa a gida babu kayan yaji, a sa madara da ɗan sukari, a bar shi ya huce. Kunun gyaɗa ma haka. Tuwo mai laushi da miyar ayoyo ko kuɓewa ko kuka yana wucewa da sauƙi saboda yauƙi, muddin ba a sa barkono ba. Faten doya ko na dankali da aka dama lilis, da ƙwai da ya dahu sosai aka murmushe, da kifin da aka cire wa ƙaya aka niƙa cikin miya, duk suna gina jiki ba tare da sun kankare baki ba. Cikin 'ya'yan itace, ayaba da gwanda da piya da kankana sun fi dacewa, a wanke a fere a gida.

Waɗanda za a jingine su ne shito, da tsire da yajinsa, da ƙosai mai ɓawo, da soyayyen abu mai ƙaras-ƙaras, da busasshen burodi. Haka nan masu tsami: lemo, abarba, ɗanyen tumatir, soɓo, lamurje da tsamiya, da lemon kwalba mai gas. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da jikin yaron ba zai iya yaƙa ba a wannan hali. In za a ba shi, a yi da madarar da aka tafasa ko yogot na kamfani, furar kuma marar yaji.

Kada a jira lokacin cin abincin gida. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye a yini, da ƙaramin cokali. Tsinken shan lemo yana taimaka wa ruwa ya tsallake inda gyambon yake. Abu mai sanyi yakan kwantar da raɗaɗi, don haka ana iya daskarar da ruwa mai tsabta ko madara a firji yaro ya riƙa tsotsa, amma ban da ƙananan da ƙanƙara za ta iya shaƙe su. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In kama nono ya gagara, uwa ta tatsa a kofi mai tsabta ta ba shi da cokali.

Idan ya zama dole a zaɓa tsakanin ci da sha, sha ne gaba. Yaro yana iya jure kwana biyu da ɗan abinci kaɗan, amma rashin ruwa yana kayar da shi da wuri. Kuma idan likita ya ce za a zura siririn roba ta hanci zuwa ciki don ba shi abinci, kada a ɗauka alamar ƙarshe ce. Hanya ce ta ba baki hutu, da ya warke za a zare.

Game da zuma, wadda mutanenmu suka yarda da ita tun kaka da kakanni, masana ma sun gwada ta. A ƙasar Masar an buga sakamakon wani gwaji a 2012 da aka yi da yara 90 masu kansar jini, inda aka ga gyambon waɗanda aka shafa wa zuma ya riga na sauran warkewa. Gwajin ƙarami ne, don haka zuma taimako ce a kan sauran matakai. A nemi iznin likita tukuna, a samu tatacciya wadda ba a gauraya ba, a kurkure baki daga baya saboda haƙora. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuwa, ba a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Zafi ba abin dauriya ba ne

Mun taso ana koya mana haƙuri, ana yabon yaron da ba ya kuka. Halin kirki ne, amma a nan yana iya cutarwa. Yaron da ke cikin zafi ba ya sha, ba ya barci, ba ya yarda a taɓa bakinsa, daga nan sai rama da rashin ruwa su biyo baya, har a ɗage zagayen magani na gaba. Kashe zafin wani ɓangare ne na maganin kansar.

Mu da muke yini da yara a aji mun san cewa shirun yaro ba kullum ne lafiya ba. Ƙaramin da bai iya magana ba, zafinsa yana bayyana a dalalar yawu, da ƙin nono, da barin baki a buɗe, da ture hannun mai ba shi abinci, ko ya lafe wuri ɗaya ya daina wasa. Wanda ya ɗan tasa, a asibiti akan nuna masa zanen fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka ya zaɓi wadda ta yi kama da yadda yake ji. Babba kuma a ce ya ba zafin maki daga 0 zuwa 10. Abin da ya faɗa a yarda da shi, a kuma gaya wa nas yadda ya faɗa.

Ga zafi mai sauƙi, farasitamol ne ake fara bayarwa, gwargwadon nauyin yaro kamar yadda likita ya rubuta. Sai dai akwai sharaɗi babba: a auna zafin jiki kafin kowane sha, domin farasitamol yana ɓoye zazzaɓi, zazzaɓi kuwa shi ne ƙararrawar da ke nuna cuta ta shiga jini. Asfirin da ibufurofen da diklofenak ba na wannan yaron ba ne sai da umarnin likita. Suna ƙara haɗarin zubar jini a lokacin da ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka ragu, suna wahalar da ƙoda, kuma suna iya hana metotireksat fita daga jiki. Kodin da tiramol ma ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba.

Akwai wani ruwa ko man shafawa mai kashe baki na ɗan lokaci, irin su lidoken, da akan rubuta wa yaran da suka iya tofarwa, a yi amfani da shi kafin cin abinci. Yana taimakawa, amma aikinsa gajere ne, kuma yaro yana iya cizon harshensa ko ya ƙware bai sani ba. In an haɗiye shi da yawa yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Don haka ba abin saye a kemis ba ne, haka ma man da ake shafa wa jarirai lokacin fitar haƙori.

Idan zafi ya yi tsanani, maganinsa mofin ne. Mun san yadda wannan suna yake faɗar wa iyaye da gaba. Mun ga abin da tiramol ya yi wa samarinmu a unguwanni, don haka duk abin da aka ce danginsa ne, sai uba ya ce ba da ɗansa ba. Wasu kuma sun ɗauka ba a ba da mofin sai ga wanda aka fid da rai da shi. Gaskiyar magana ita ce, mofin yana cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana auna shi da nauyin yaro, a ba shi ta baki kamar sirof ko ta jijiya, yawanci kowace awa 4, na 'yan kwanakin da baki ya yi tsanani, sannan a janye shi sannu a hankali. Bayarwa irin wannan, a hannun likita kuma saboda zafi na gaske, ba ta mai da yaro ɗan maye. Abin da aka fi gani shi ne taurin bayan gida, wanda akan haɗa da maganinsa, da ɗan gyangyaɗi a kwanakin farko. A bi lokacinsa daidai, kada a jira sai yaro ya fara ihu. A daidaita cin abinci kamar rabin awa bayan ya sha. Kwalbar kuma a kulle ta inda yara da samarin gida ba za su kai ba. In aka ga barcin ya yi nauyi har ba ya tasuwa, ko numfashi ya yi ƙasa, a garzaya asibiti.

Wani lokaci zafin yakan ƙaru ne saboda wata cuta ta hau kan gyambon. Farin abu kamar guntun madara a harshe da kumatu alamar naman gwari ne, maganinsa nistatin ko makamancinsa. Ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe kuma na wata ƙwayar cuta ce daban, ita ma da nata magani. Likita ne zai bambance su. Akwai kuma dabarun riga-kafi da asibiti kan yi da kansa: tsotsar ƙanƙara a daidai lokacin da ake sa wasu magunguna masu gajeren zango, da haska baki da wani haske na musamman inda ake da na'urarsa. Ba laifi uwa ta tambaya ko sun dace da ɗanta.

Abin da ba za a sa a bakin ba

Masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu sake, kowa da maganin da ya sani, kuma da kyakkyawar niyya. Wannan ta kawo bagaruwa, waccan alif, wani ya ce a matsa lemon tsami, wani ya ce toka ko shuɗin kemis. Waɗannan an san su a kan ciwon bakin yau da kullum, a jikin da garkuwarsa take tsaye. Yaron da ke karɓar kemo garkuwarsa a kwance take, gyambon bakinsa kuwa ƙofa ce a buɗe zuwa jini. Jiƙo da garin da ba a san tsabtarsu ba suna iya shigar da cuta, wasu kuma su yi karo da maganin asibiti a hanta ko ƙoda. A karɓa a yi godiya, a ajiye, a tambayi likita.

Mafi haɗari shi ne aska. Kada a bari wanzami ya cire beli, ko ya yi tsaga, ko ya yi ƙaho, ko a cire haƙori a gida. Jinin yaron ba ya tsayawa kamar na kowa. Addu'a kuwa babu mai hana ta, a yi ta a bakin gado, a yi ta a gida, magani na tafiya.

Yaushe za a koma asibiti ba jira?

Duk gidan da ke da irin wannan majinyaci ya mallaki ma'aunin zafin jiki, a kuma koya wa mutum biyu karanta shi. Ana sa shi a hammata, ba a baki ko dubura ba. Idan ya nuna 38 ko sama, ko yaro yana rawar ɗari, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a gani zuwa safe, domin a jikin da babu dakaru, cuta tana cin ƙarfin yaro cikin 'yan awoyi. Haka nan idan ya kasa haɗiyar ruwa ko yawunsa, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, ko idanu sun faɗa, ko jinin baki ya ƙi tsayawa, ko ya kasa shan magungunansa, ko zafin ya fi ƙarfin abin da aka ba shi. Wanda yake nesa da Ankara ko Kumasi ya je asibiti mafi kusa da takardun yaron a hannu, ya faɗa tun daga ƙofa cewa yaron yana karɓar kemo, a kuma bugo wa sashen da ke duba shi. A karɓi lambar wayar sashen tun ranar sallama.

Rabonmu mu jama'ar zango

Jinyar kansa ta fi ƙarfin gida ɗaya. Uwa takan yi makonni a gefen gado, sana'arta ta tsaya, sauran yara suna gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na mata da na samari, waɗanda suke tashi tsaye a kan biki da suna, suna iya ɗaukar kuɗin motar komawa asibiti, domin sau da yawa shi ne yake yanke magani. Maƙwabciya tana iya ɗaukar dama kunun yaron kullum. Samari masu lafiya su ba da jini, ana yawan buƙatarsa a sashen nan. Mai zuwa dubiya ya riƙo buroshi mai taushi, ko madara, ko ma'aunin zafi, ya wanke hannu kafin ya taɓa yaro. Mai mura ko tari ya aiko da gaisuwa, gidan da ake ƙyanda ko ƙarambau kuwa su yi nesa gaba ɗaya. Malaman makaranta su riƙe wa yaron gurbinsa, su aika masa da ɗan aiki da gaisuwar 'yan ajinsu, domin yaron da yake sa ran komawa aji ya fi yarda ya buɗe baki a kurkure masa.

Iyayen da ba su jin Turanci ko Tuwi sosai, kada kunya ta hana su cewa ba su gane ba. A nemi mai fassara, a sa nas ta maimaita, a rubuta lokutan magani a takarda a manna a bango. Kuma duk ranar da zuciya ta raya wa uba ko uwa cewa wahalar ta isa, a ɗauke yaro a tafi, to kafin a naɗe tabarma a sami likita a gaya masa abin da ya fi damun yaron. Idan baki ne, akwai abin da za a yi a ranar.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba masu jinya ƙarfin zuciya.